Waken gwangwani da lissafin maki: wake ake ƙirgawa ko mai?

Ƴan'uwa masu karatu na Tenhiya, da Tanut, da Balbeji, da sauran ƙasar Damargu, a wannan fitowa za mu yi magana a kan wake da ƙiba. Tun da wayar salula ta shiga rugage da ƙauyuka, labarai iri-iri suna iso mana game da hanyoyin rage jiki. Ɗaya daga cikinsu ita ce hanyar ƙirga maki ta wani kamfani na Amurka. Ana ba kowane abinci maki, kamar yadda malami yake ba ɗalibi a ajin yaƙi da jahilci. Sai dai a nan an juya lissafin: abincin da ya samu maki da yawa, shi ne abin taka tsantsan. Masu bin wannan hanya sukan yi tambaya: gwangwanin wake maki nawa ne? Amsar tana da amfani ko ga wanda bai taɓa buɗe gwangwani ba, domin wakenmu na tiya ma a kan wannan ma'auni yake hawa.

Wa ya kamata ya rage jiki?

Wannan magana ba ta kowa ba ce. Makiyayin da yake wuni yana bin raƙuma, ko yana jan guga a rijiya mai zurfi, ba ya bukatar ƙirga maki. Haka yara, da mace mai ciki, da mai shayarwa, da wanda ya tashi daga jinya. A jihar Damagaram tamowar yara ta fi ƙibar manya yawa nesa ba kusa ba, kuma yaro ƙari yake bukata, ba ragi ba.

Amma akwai waɗanda maganar ta shafa: ɗan kasuwar da yake wuni zaune a rumfa, da direba, da ma'aikacin ofis, da uwar gida mai ƴan aiki. A wurinmu ƙiba alamar wadata ce. A wasu gidajen ma akan ɗura wa yarinya nono da gero tun tana ƙarama don ta cika ido. Ba mu raina al'adar kowa, amma ƙibar da ta wuce kima tana buɗe ƙofa ga hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa. Wanda yake zaune nesa da gidan likita shi ya fi kowa sanin wahalar neman maganin da ake sha kullum.

Ga gwajin da ba ya bukatar sikeli. Ku samu igiya, ku auna tsawonku daga ƙasa zuwa ka, ku yanke. Ku ninka ta biyu, ku zagaya ciki da ita, ɗan sama da cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In ya kasa haɗuwa, teɓar ta yi yawa, sai ku je CSI a gwada muku jini da sukari kafin ku taɓa abincinku.

Daga ina makin ya fito?

A 1963 wata mata mai suna Jean Nidetch ta kafa kamfanin Weight Watchers a birnin New York. Da farko mata ne ƴan kaɗan suke taruwa a ɗakinta kowane mako suna ƙarfafa wa juna gwiwa. A 1997 kamfanin ya kawo wa Amurkawa tsarin maki. Akan ba mutum kasonsa na yini gwargwadon nauyinsa, yawanci wajen maki 20 zuwa 30. Ya ci abin da yake so, amma kada ya wuce kason.

Tsohon lissafin da suka yi aiki da shi har zuwa 2010 yana duban abu uku. Na farko ƙarfin abinci, wanda ake aunawa da kalori: kowace kalori 50 maki 1 ce. Na biyu maiƙo: kowane giram 12 yana ƙara maki 1. Na uku dusar da ke cikin abinci, wato ɓawo da zaren da ciki ba ya narkarwa. Ita ragi take jawowa, ko da yake ragin ba ya kai maki 1.

A ƙarshen 2017 kamfanin ya fito da sabon tsari, ya jera abinci sama da 200 da ya ce makinsu sifili ne. A ciki akwai ƙwai, da kifi, da ƙirjin kaza, da wake. Na gwangwani ma ya shiga, da sharaɗin ba a zuba masa sukari ko mai ba. Sifilin nan ya rikita mutane da yawa. Ba ana nufin wake ba shi da ƙarfi ba ne. Hujjar ita ce wake yana cika ciki ya daɗe, kuma da wuya mutum ya ci ya wuce kima in an dafa shi zalla. Mun san wannan tun kafin kamfanin ya faɗa: wanda ya karya da wake sai ya yi ta shan ruwa har azahar bai nemi abinci ba.

Shi kansa kamfanin ya sha wuya daga baya. A watan Mayu na 2025 ya je kotu neman sassaucin bashi, bayan allurar rage ƙiba ta janye masa mutane da yawa. Mu lissafin muke ara, kuma ba sai an biya kowa ba.

Bari mu ƙirga

Giram 100 na dafaffen wake, wato wajen rabin kofi, yana da kalori 116. Yana da giram 7 zuwa 8 na sinadarin gina jiki, da giram 6 da rabi na dusa, maiƙonsa kuwa rabin giram ne kawai. A tsohon lissafi, maki 1 da rabi ke nan.

Yanzu ku ɗauko babban cokali, ku cika shi da man gyaɗa. Wannan cokali ɗaya yana da kalori 120, kuma duk maiƙo ne, giram 14. Makinsa 3 da rabi. Ashe cokali ɗaya na mai ya ninka rabin kofin wake, har da ƙari. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana kai maki 2 da rabi. Ƙwarar sukari 5 kuwa maki 2 ne.

To, ku dubi akushin shinkafa da wake da ake sayarwa a tasha. Mai abinci tana zuba mai da ludayi, ba da cokali ba, kuma mai saye yakan ce a ƙara. Ƙosai yana shan mai a kasko. Ɗan wake ma sai an yi masa wanka da mai da yaji. In mutum ya yi ƙiba da irin wannan ci, sai a ɗora wa wake laifi, alhali mai ne ya yi aikin. Shayi kuma ba sai mun faɗa ba. A rugagen Tenhiya akan ɗora buta safe, rana da dare, kowace ɗorawa kofi uku, kowane kofi da sukarinsa. Mai neman rage jiki da ya bar wake ya riƙe butar shayi, ya kori akuya ne ya bar raƙumi a gona.

Gwangwani iri-iri ne

A kantunan Tanut da Damagaram, da kan hanyar Agadas inda kayan Aljeriya da Libiya suke gangarowa, akan ga wake a gwangwani. Kada ku ɗauka duk ɗaya ne.

Akwai farin wake ko ja da aka dafa a ruwan gishiri. Shi ne ɗan'uwan namu, kuma shi tsarin 2017 ya ba sifili. Akwai koren wake, ɗanye da kwasfarsa, wanda Faransawa suke rubutawa «haricots verts». Wannan ganye ne a lissafi. Ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma ba ya riƙe ciki. Sannan akwai wake cikin miyar tumatir mai zaƙi-zaƙi. Shi ne mai yaudara. Gwangwani ɗaya na giram 400 yakan ɗauke da sukari kusan giram 20, wato wajen ƙwara 4. Shi kamfanin ma bai ba shi sifili ba.

A nan karatun da kuka koya yake biyan ku. A jikin gwangwani akwai lambobi biyu na nauyi. «Poids net» shi ne nauyin wake da ruwansa. «Poids net égoutté» shi ne nauyin wake bayan an tsiyaye ruwan. A gwangwanin giram 400, waken da kansa yakan tsaya a giram 240 zuwa 250, sauran duk ruwa ne. Lamba ta biyu ita ake ƙirgawa. Wanda ya cinye gwangwani guda na waken ruwan gishiri ya ci wajen maki 4 zuwa 5 a tsohon lissafi. Ku kuma duba jerin abin da aka zuba. In kun ga «sucre», sukari ne. In kun ga «huile», mai ne.

Akwai abin da maki ba ya gani sam, shi ne gishiri. Gishiri ba shi da kalori, saboda haka makinsa sifili ne, amma shi ne babban abokin gabar mai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya. Gwangwanin wake guda yakan ɗauke da giram 2 zuwa 3. Maganin yana da sauƙi. A zubar da ruwan gwangwanin, a juye waken a rariya, a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Wannan yana rage gishirin da wajen kashi 40 cikin 100.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo, kada a ko ɗanɗana shi. Zafin rumfar kwano da doguwar tafiya a bayan mota suna wahalar da gwangwani. Ku duba ranar ƙarewa kafin ku biya. In an buɗe, a cinye a ranar, domin mafi yawanmu ba mu da firij.

Namu na tiya fa?

Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Nijeriya. Yawancin ƙasar Tenhiya ta kiwo ce, amma a kudancin Damargu manoma suna shuka wake a tsakanin gero, su ci ƙwayar, su sayar da harawa ga makiyaya. Wake yana kuma ƙara wa ƙasa taki ta hanyar ƴan ƙullutun da ke jikin saiwarsa.

Lissafin busasshen wake daban yake da na dafaffe. Giram 100 na busasshe yana da kalori 336. In ya dahu yakan sha ruwa, nauyinsa ya ninka sau 2 da rabi ko fiye. Don haka kada ku auna shi busasshe ku ba shi makin dafaffe. Rabin kofi busasshe ya wuce kofi guda a tukunya.

Tiya ɗaya wajen kilo 2 da rabi ce. In ta dahu, ta haura kilo 6. Wannan daidai yake da waken da ke cikin gwangwani 25. Ku tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a kanti, ku ninka sau 25, ku gwada da kuɗin tiya a kasuwar Tanut ko ta Balbeji. Mu a ganinmu gwangwani yana da rana ɗaya ce: ranar tafiya, ko inda itace da ruwa suka yi wuya, tun da ya riga ya dahu. Bayan wannan babu abin da yake da shi wanda namu ya rasa.

Sai dai tukunyarmu ma tana da nata gishirin. Kanwar da ake jefawa don wake ya yi saurin nuna tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri mai tayar da jini. Dunƙulen miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne. In an haɗa kanwa, da dunƙule biyu, da gishirin Bilma a tukunya ɗaya, an kamo gwangwani ko an wuce shi. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan da safe. Zai yi saurin dahuwa ba da kanwa mai yawa ba, itace ya yi auki, kumburin ciki ma ya ragu. A zuba mai da cokali, a ƙirga. Albasa, da tumatir, da barkono, da zogale ba su da wani maki, a sa su a wadace. A kwanon shinkafa da wake, a bar wake ya rinjayi shinkafa.

Wanda yake son ƙirga maki ba tare da takarda ba, ya zuba ƙwayar wake a aljihun dama da safe, gwargwadon kason da suka shirya da malamin likita. Duk abin da ya ci, ya mayar da makinsa aljihun hagu. Mai ciwon sukari da yake shan magani ko yin allura kada ya rage abinci da kansa, domin sukari yana iya faɗuwa ya sumar da shi. Mai ciwon ƙoda ma ya yi tambaya kafin ya yawaita wake.

Saura ajiya, domin ita ce ta sa wake yake tsada da bazara. Ƙwaro yana iya mayar da buhu gari cikin ƴan watanni. Tun 2007 ake yaɗa buhun PICS a Nijar, aikin jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken INRAN. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba, in an cika ta har wuya an toshe bakin sosai, ita ma tana yin wannan aiki. A jingine buhun a kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kuma a duba ledar kafin a sake amfani da ita baɗi.