Idan Rufin Faiba Ya Tsage: Gyaran da Ke Jure Hanya

Tun 1977, da hukumomin Togo suka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome suka mayar da mutanensa Agoe, arewa da birni, abincin unguwar ya rataya a kan babbar hanya ta ɗaya. Ta nan motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ke bi zuwa Sinkase, Wagadugu da Yamai, kuma zirga-zirgar ta ƙaru bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. Cikinsu akwai a-kori-kura irin su Hilux masu murfin baya, da jif-jif irin su Jeep Wrangler da ake kwance rufinsu a ajiye. Yawancin rufin nan na faiba ne, kuma sau da yawa yakan iso da tsaga a kusurwa ko a bakin noti.

Abin da aka saba shi ne a kai wa fanal bita, ya shafe wurin da fila, ya goge, a fesa fenti. A ranar, motar takan yi kyau. Bayan 'yan makonni a kan gargada, sai layin tsagar ya sake fitowa, har ya fi na da tsawo. Kuɗi sun tafi, damina ta zo, ruwa na zuba a kan kaya.

Dalilin yana cikin yadda aka yi faiba. Abu biyu ne a haɗe: zaren gilashi sirara, da ruwan danƙo da ake kira rezin, wanda ke daskarewa ya riƙe su. Kamar ƙasar gini ce da aka cuɗa da ciyawa: rezin shi ne ƙasar, zaren shi ne ciyawar da ke hana ta rabewa. Da irin wannan haɗi aka ƙera jikin motar Corvette a Amurka a 1953. Idan rufi ya tsage, zaren ne ya tsinke. Fila ba ta da zare, tana cike rami kawai, ba ta ɗaukar nauyi. Walda kuwa babu inda za ta kama.

Me ya sa tsaga ke tafiya? A 1921 wani injiniyan Ingila, A. A. Griffith, ya wallafa binciken da ya yi da gilashi, inda ya nuna cewa ƙaramar tsaga ce ke karya ƙarfin abu, domin nauyi yana taruwa a ƙarshenta mai tsini. Duk ramin da taya ta faɗa, ƙarshen nan na ƙara gaba. Shi ya sa gwani ke fara huda ɗan rami, kamar milimita 3, a kowane ƙarshen tsagar. Ramin ya kashe tsinin, nauyin ya bazu.

Kafin a haɗa komai, sai a san irin rufin. A leƙa cikinsa. Idan yana da kaushi, zare na bayyane, faibar hannu ce, rezin na foliyesta zai kama ta. Idan ciki da waje duk sumul ne, kamar rufin Wrangler, to na matsin inji ne da ake kira SMC, kuma foliyesta na yau da kullum ba ya manne masa da kyau. Sai efoksi ko rezin da aka yi dominsa. A nan gyara da yawa ke lalacewa tun ba a fara ba.

Sai a sauke rufin, a kwantar da shi a inuwa, a wanke, a bar shi ya bushe sarai. A Lome wannan ba ƙaramin abu ba ne, don iskar teku cike take da laima, kuma rezin ba ya shiri da danshi. Daga ciki ake soma aiki. A gurje gefen tsagar ya kwanta a hankali, faɗinsa ya kai kaurin faibar sau 12: mai kaurin milimita 3 na son kusan santimita 4 ta kowane ɓangare. A goge da asiton. A yanka tabarmar zare gida uku ko huɗu, kowace ta fi wata faɗi. Sinadarin daskararwa na foliyesta kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne, wato kamar mililita 10 zuwa 20 a kilo guda. Da zafin Lome, kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, in ba haka ba ya sandare a gwangwani. A jiƙa kowane shimfiɗi da buroshi, a danna har farin zaren ya ɓace, kumfar iska ta fita. Bayan kwana ɗaya a juya waje a yi masa haka. Sai a ƙarshe fila ta shigo, shafi ɗaya marar kauri, sannan samfefa da fenti.

Saura musabbabi. Notin da aka ɗaure fiye da kima, robar baki da rana ta cinye, buhunan da aka ɗora a rufin da ba na kaya ba: idan ba a gyara waɗannan ba, sabuwar tsaga na nan tafe kusa da tsohuwar.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran gareji. Su ke gurza, ƙurar gilashi na shiga ƙirjinsu da fatarsu. Su ke shaƙar warin rezin. Kuma ɗigo ɗaya na sinadarin daskararwa na iya makantar da ido. Takunkumi, tabarau da safar hannu haƙƙi ne a wuyan maigidan gareji.

Don haka, mai mota, kafin ka biya, ka tambayi mai gyara abu uku: wane irin faiba ne, wane rezin zai sa, kuma zai yi aikin ta ciki? Sannan ka ce a nuna maka cikin rufin kafin a shafa fenti. Araha ba ta ado, kuma wanda ya iya aikinsa ba zai ƙi nuna maka ba.