Yadda ake haɗa agogon juyin inji da bobin ɗin mota

Samarinmu da yawa suna koyon gyaran mota a garejin unguwar Zongo da kewayen tashar Jonquet a nan Kwatano. Kwanan baya wani uba ya zo mana da damuwa. An ba ɗansa aikin sa agogo a motar wani, ya haɗa waya a wurin da bai dace ba, agogon ya ƙone, mai gareji ya ce sai ya biya. Yaron ba shi da ganganci, ba a dai nuna masa ba ne. Shi ya sa muka kawo wannan bayani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mene ne wannan agogo?

Makanikan nan suna ce masa kontatur. Yana nuna sau nawa inji ke juyawa a minti ɗaya. Lambobin fuskarsa ana ninka su da 1000: in allura ta tsaya a 2, inji na juyi 2000 ke nan. Motar fetur da ta ɗumama tana tsaye, yawanci tana juyi 700 zuwa 900. Da shi direba ke sanin lokacin canja giya, kada ya wahalar da inji ko ya sha mai a banza.

Agogon yana ƙidaya wutar da bobin ke aikawa ne. Bobin shi ne abin da 'yan Najeriya ke kira kwayil. Yana karɓar wutar batir mai ƙarfin bolt 12, ya ɗaga ta ta kai dubbai, ya tura wa buji, wato fulogi. A inji mai silinda 4, bobin na bugawa sau 2 a kowane juyi.

Wace mota ce wannan bayani ya shafa?

Ya shafi tsofaffin motocin fetur masu bobin ɗaya da delko, irin Peugeot 504 da 505. Motar gazuwal ba ta da bobin, tata ana ɗauka ne daga alternater. Sababbin motoci masu bobin a kan kowace buji suna bukatar wata na'ura daban. Baburan zemijan da yawa kuma suna da akwatin CDI, wanda ke tura wa bobin ɗaruruwan bolt. Kada a sa musu agogon mota. Akwai nasu ƙarami da ake naɗe wayarsa a jikin wayar buji.

Kafin a fara

A kashe mota a zare makulli. A cire kan batir mai alamar ragi (−) tukuna. A kawar da duk kwalba ko jarkar kpayo daga wurin aiki, domin tartsatsi ɗaya ya isa. Ba mu manta da gobarar ma'ajiyar mai ta Sèmè-Kraké ba, a watan Satumba 2023, wadda ta ci rayuka fiye da 30.

A duba bayan agogon. Akwai ɗan makunni mai lamba 4, 6 da 8. A daidaita shi da yawan silindar motar. In ba a sani ba, a ƙirga buji.

Wayoyi huɗu

Yawancin agogon na zuwa da waya huɗu. Launi kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a duba takardar cikin kwali. Amma ga yadda aka fi samu:

1. Baƙa: ta mas ce. A ɗaure ta da kusa a jikin ƙarfen mota, bayan an kankare fenti da tsatsa.
2. Ja: ta wuta ce. A haɗa ta da wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli, a sa mata ƙaramin fis. In aka kai ta kan batir kai tsaye, za ta riƙa shan wuta dare da rana.
3. Kore: ita ce mai ƙidaya. Wurinta ƙaramin kan bobin mai alamar ragi (−). A wasu bobin an rubuta lamba 1 a wurin, ɗaya kan mai alamar (+) kuma lamba 15.
4. Fara: ta fitilar agogo ce. A haɗa ta da wayar fitilun dashbod.

Babban kuskuren shi ne kai koriyar waya ga waya mai kauri da ke fitowa daga tsakiyar bobin. Wutarta na iya wuce bolt 20,000. Tana ƙone agogo nan take, tana kuma fizgar mutum.

Koriyar waya za ta ratsa bangon ƙarfe daga wurin inji zuwa cikin mota. A bi da ita ta ramin da ke da roba, nesa da bututun hayaƙi da fanka. In ta goge ta taɓa ƙarfe, mota za ta mutu a tsakiyar hanya. A naɗe kowane haɗi da salatif mai kyau.

Gwaji

A mayar da kan batir, a tayar da mota. In allura ba ta motsa ba, a duba mas da fis. In tana rawa, akwai haɗin da bai kama ba. In ta nuna rabin abin da ya kamata, mai yiwuwa makunnin baya yana kan 8 alhali silinda 4 ce.

Ga iyaye da samari

Ɗan koyo kada ya tayar da mota sai maigidansa ya duba haɗin da idonsa. Tambaya ba abin kunya ba ce, kuma ta fi biyan kuɗin kayan mutane sauƙi. Dokar aiki ta Benin ta hana ɗaukar yaro aiki kafin ya cika shekara 14. Wanda aka riƙe wa kuɗi ko takarda saboda ɓarnar da ta faru a wurin koyo, ya zo ofishin kariya. Akwai tafinta na Hausa. Allah ya sa albarka a sana'a.