Abubuwan da ya kamata ka sani game da zuwa jami'a a kan keke a Groningen

Birnin da ɗalibansa

Groningen birni ne a arewacin ƙasar Holand, kuma jami'arsa ta kafu tun 1614. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazaunansa ɗalibai ne, galibinsu kuwa a kan keke suke zuwa aji, ko da ruwa ko da sanyi. An ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na zirga-zirgar cikin birnin da keke ake yin ta.

Asalin abin

Akan ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ba tudu ba gangare ce ta sa haka. Tana taimakawa, amma ba ita ce tushe ba. Tushen yana cikin wani tsari da hukumar birnin ta aiwatar a 1977, wanda wani matashin ɗan siyasa, Max van den Berg, ya tsaya kai da fata a kansa. An raba tsakiyar gari gida huɗu, aka hana mota tsallakawa daga wannan yanki zuwa wancan. Direban da ke son shiga yankin da ke maƙwabtaka da shi sai ya fita titin da ya kewaye tsakiyar garin, ya zagayo, sannan ya sake shiga. Mai keke da mai tafiya a ƙasa kuwa kai tsaye suke wucewa.

'Yan kasuwa sun yi ca a lokacin, suna tsoron masu saye za su ƙaurace wa shagunansu. Hukuma ba ta janye ba. Abin da ya biyo baya shi ne keke ya zama hanya mafi sauri ta ratsa gari, ɗalibi mai ƙaramin aljihu kuwa ba ya buƙatar a lallashe shi ya hau abin da ya fi sauri kuma ya fi araha.

Yadda tafiyar take

Babbar harabar jami'a da ake kira Zernike tana arewacin birnin, tafiyar kamar minti 15 a kan keke daga tsakiyar gari. Hanyoyin keke da yawa an ware su daga na mota, an yi musu jan kwalta. A wasu mahaɗar tituna, danja, wato fitilar ba da hannu, takan tsayar da dukkan motoci ta saki masu keke daga kowace kusurwa a lokaci ɗaya. Baƙo zai ɗauka karo za a yi. Sai dai kowa na duban idon na gabansa, yana sassauta ƙafa, har mahaɗar ta watse cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Akwai dokoki kuma. Dole ne keke ya kasance da fitila fara ko rawaya a gaba da ja a baya idan duhu ya yi, kuma tun 2019 riƙe waya a hannu ana tuƙi laifi ne mai tara.

Matsalolin da suka biyo baya

Satar keke ta zama ruwan dare, shi ya sa ɗalibai kan sayi tsohon keke, su ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a jikin ƙarfe. Wasu sun koma haya daga kamfanin Swapfiets, wanda ake gane kekunansa da shuɗiyar tayar gaba: a biya kuɗi duk wata, idan ya lalace kamfanin ya gyara ko ya musanya. Wurin ajiya ma ya yi ƙaranci. Kekuna kan cushe bakin ɗakunan karatu da tashar jirgin ƙasa, har hukuma ta gina manyan ma'ajiyai, kuma ma'aikatanta kan kwashe waɗanda aka ajiye a inda aka hana.