Tsohuwar Fijo da sabuwar ƙafa: abin da za a duba kafin a sayi rim da taya

Jama'ar Safo da kewaye, duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi ko ta Madarunfa ranar kasuwa ya san wannan: tsohuwar Fijo ta raɓe gefen hanya, an ɗaga ta da jak, fasinja na zaune ƙarƙashin itace, yaron mota ya hau babur da taya a ka yana neman mai faci. Mukan ce tsautsayi ne. To wani sa'in tsautsayin ne, amma sau da yawa matsalar ta faro tun ranar da aka sayi tayar. Shi ya sa yau muka ɗauko batun ƙafar mota, wato rim, wanda wasu ke ce wa janti, da tayar da ake ɗora masa.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma ya ci gaba da yin 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da barin ta. A Turai yanzu motar ajiya ce, ana goge ta ana fito da ita ranar biki. Nan wurinmu kuwa har gobe ita ke kai gero da wake kasuwa, ita ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Sai dai kayanta na asali sun yi wuya, abin da ya cika kasuwa na ƙananan motocin zamani ne, kuma nan ne ake tafka kuskure.

Mu fara da ramukan noti. Ƙirga su kaɗai bai isa ba. Salun ɗin 504 da 505 ramuka huɗu gare su, a kan da'ira mai faɗin milimita 140. Masu sana'a na rubuta shi 4x140. Fijo na baya-bayan nan irin 206 da 406 su ma huɗu ne, amma 4x108. Starlet da Corolla na da 4x100. Duk huɗu-huɗu, kuma babu wanda ke shiga gurbin wani. Salun ɗin 404 ma noti uku gare ta. Aunawa ba wuya: a rim mai rami huɗu, a sa ma'auni daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. In an ga santimita 14, shi ne. Mai bashe kada ya ɗauka ƙafarsa ɗaya ce da ta salun, ya ƙirga nasa ya auna.

Da yake 4x140 ba ya samuwa da sauƙi (ban da Fijo, sai tsofaffin Subaru suka yi amfani da shi), akwai dabarar da wasu ke yi: su ɗauko rim ɗin Hilux mai rami shida, 6x139.7, ramuka biyu su dace, su huda sauran biyun. Mu dai ba mu ba da wannan shawara. Ramin da aka huda da hannu ba ya da mazaunin da noti zai kwanta, kuma in ya kauce ko da kaɗan ne, ƙafa za ta riƙa rawa, noti ya kwance a hankali. Ƙafar da ta fice ana gudu da mutum goma a ciki, ba sai mun faɗi sauran ba.

Ko ramuka sun dace, a gwada rim a jikin motar kafin a biya. Ramin tsakiya ya zauna daram a kan cibiya. A murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu a ga ko taya na gogar jiki ko bututun man birki. Rim ɗin da ya turo waje da yawa yana da kyan gani, samari na so, amma yana cin boris. Na alminiyam kuma yakan zo da irin notinsa, kar a ɗaure shi da na tsohon rim ba tare da an duba ba. A ganinmu, mai bin hanyar ƙauye ya zauna kan na ƙarfe: in ya lanƙwashe a rami ana buga shi ya dawo, na alminiyam tsagewa yake.

Masu 505 kuma ku saurara. Wasu daga cikinsu sun zo daga Turai da rim ɗin da ake kira TRX, na Michelin, mai faɗin milimita 390. A ido kamar inci 15 yake, alhali ya ɗara shi kaɗan. Tayar 15 ba ta zama a kai, kuma tilasta ta da iska na iya sa ta fashe a hannun mai faci. A duba rubutun jikin rim. In an ga 390, sai dai a canza rim ɗin gaba ɗaya.

Yanzu sai taya. Salun ɗin 504 ta zo da 175 R14. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta ƙarshe girman rim a inci. Tayar zamani tana da lamba ta uku a tsakiya, misali 175/65 R14, ita ke nuna tsayin gefen taya: kashi 65 cikin 100 na faɗinta. Tsohuwar da ba a rubuta mata ba, kusan 80 ce. Mai saye sai ya ga 175, ya ga 14, ya ce ai ita ce. Ba ita ba ce. Ta asali tsayinta ya kai wajen santimita 63 da rabi, ta 65 ɗin kuwa 58. Ke nan mota ta sauka ƙasa da santimita biyu da rabi. A kwalta ba za ka ji ba, amma shiga rairayin gulbi ko hanyar da damina ta zaizaye, sai cikin mota ya fara shara. Allurar gudu ma za ta yi maka ƙarya: ta nuna 100 kana kan 92, inji na ta kuka yana shan mai. In ba a samu ta asali ba, 185/75 R14 ko 195/70 R14 sun fi kusa da ita a tsayi, muddin ba su gogi jiki ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne lambar nauyi, wadda ke biye da girman taya, kuma ba kowa ke kallonta ba. Lamba 82 na nufin tayar na ɗaukar kilo 475. Lamba 88, kilo 560. Tayar kaya mai harafin C, irin 185 R14C mai lamba 102, tana ɗaukar kilo 850. To ku lissafa: buhu goma masu kilo ɗari tan guda ne, kuma kusan duka a kan ƙafafun baya yake, ga nauyin motar kanta, ga mutane bisa kaya. Tayar da aka yi wa Starlet ba ta iya wannan. Za ta ɗau zafi daga ciki, ranar da kwalta ta yi zafi a watan Afrilu ta tarwatse. Ta C ta fi tauri, fasinja zai ji ramuka, kuma tana son iska fiye da ta salun, amma ita ce ta mai lodi.

Mun san yawancinmu ta gwanjo muke saye, sabuwa ta fi ƙarfin aljihu. Ba laifi, amma a duba shekarunta. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In uku ne kawai, an yi ta kafin 2000, a bar ta a yi guga ko takalmi da ita. Kamfanin Michelin da kansa na ba da shawarar a sauke taya in ta cika shekara goma, ko da zanenta bai cinye ba. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe kuma ta hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta, zafinmu na cinye ta da wuri. A lanƙwasa gefen da hannu a ga ko ya tsattsage, a shafa ciki a ji ko akwai tsohon faci a gefe, a guji mai ƙulu.

In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, a sa su a baya. Iska kuma a auna da safe kafin mota ta yi tafiya, har da ta safaya, wadda aka fi mantawa da ita.