Me Ya Sa Kuɗin Haya Ke Ta Hauhawa?

A farkon 2022, kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade kashi 11.5 ne cikin ɗari. Zuwa Nuwamban 2024 ya kai 27.5.

Ɗan haya a Kano ko Abuja bai ci bashin banki ba, amma a kansa abin ke ƙarewa. Rance ya gagari masu gini, siminti da rodi sun yi tashin gwauron zabo, sabbin gidaje suka ƙaranta. Sai mai gida ya ƙara kuɗi, ya ce a kawo na shekara a dunƙule, ban da la'adar dillali.

Ga mai son mallakar gida kuwa, ruwan rancen Asusun Gidaje na Ƙasa kashi 6 ne kacal, sai dai masu zubi a cikinsa kaɗai ke samu, galibi ma'aikatan albashi.