Azurfa da Ranar Kano: Ɗaukar Hoton Fagge da Sabon Gari da Fim Baƙi-da-Fari Mai Araha

A watan Janairun 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur. Cikin 'yan kwanaki kaɗan dandazon 'yan acaɓa da aka saba gani a Bata da Wapa da bakin Kantin Kwari ya ɓace, Adaidaita Sahu ta maye gurbinsa. Haka kuma a watan Maris na 2016 gobara ta cinye babban sashe na Kasuwar Sabon Gari, ta tafi da rumfuna da layukan da mutane suka yi shekaru suna bi. Dalar gyaɗa ma, wadda ta zama tambarin Kano, tun cikin shekarun 1970 ta kau, kuma da yawan matasa a hoto baƙi-da-fari kaɗai suka san ta.

Abin da ke saurin ɓacewa a birni shi ne abin da aka fi sabawa da shi, kuma shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Ana kiran mai hoto ranar biki da ranar hawan Salla, amma ba a kiransa don mai shayi ko ɗan dako ko tela a bakin kekensa. Fagge, tsohon zangon ayarin Azbinawa a wajen ganuwa, da Sabon Gari, wadda aka yanka wajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, unguwanni ne da kullum suke sake kama. Wayar hannu na iya ɗaukarsu, babu shakka. Sai dai hoton waya na tafiya ne da wayar, ko ya nutse cikin dubban 'yan'uwansa, alhali fim abu ne da ake riƙewa a hannu, a ɗaga shi sama a ga abin da ke cikinsa ba tare da wata na'ura ba. Mai son ya yi wannan aiki da fim kuwa, fim mai araha ya fi dacewa da shi, domin wanda ke ƙirga kuɗin kowane ɗauka ba zai ɓata ɗaya a kan mai shayi ba.

Abin da ke faruwa a cikin fim

Fim wata siririyar leda ce da aka shafa wa jalatin, watau wani danƙo da ake samu ta hanyar dafa fata da ƙashin dabbobi. Cikin wannan danƙo an barbaza ƙananan duwatsun gishirin azurfa, wanda akasarinsa haɗin azurfa ne da sinadarin buromin. Girman kowane ɗaya bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Wani likita ɗan Ingila, Richard Leach Maddox, shi ya gabatar da dabarar amfani da jalatin a 1871, kuma har yau ba a sami abin da ya fi shi ba.

Idan haske ya faɗa wa ɗaya daga duwatsun nan, sai ya saki ilektoron daga buromin. Ilektoron ɗin ya yi ta yawo har ya maƙale a wani tabo da ke jikin dutsen, daga nan ya jawo azurfa mai caji, su haɗu su zama ƙwayar zarra ɗaya ta tsantsar azurfa. In abin ya maimaitu har aka tara kamar ƙwaya huɗu a wuri guda, to dutsen ya ɗauki alama. Ido ba ya ganin wannan alama, shi ya sa ake kiranta ɓoyayyen hoto. R. W. Gurney da N. F. Mott ne suka yi bayanin yadda take samuwa a 1938, kusan shekara ɗari bayan mutane sun fara ɗaukar hoto ba tare da sanin dalilin yiwuwarsa ba. Tabon da ke kama ilektoron ma yana da nasa labarin. A 1925 Samuel Sheppard na kamfanin Kodak ya gano cewa jalatin da ya fito daga shanun da suka ci wasu ciyayi masu sinadarin farar wuta ya fi ba da fim mai saurin jin haske. Ashe kiwon saniya na da hannu a cikin kyawun hoto.

Wankin fim shi ne fito da wannan ɓoyayyen hoto. Ruwan farko, ruwan bayyanarwa, yana mai da duk dutsen da ke da alama ya koma baƙar azurfa gaba ɗayansa, ya bar marasa alama yadda suke. Ta haka 'yan ƙwayoyi huɗu ke haifar da ninkinsu kamar sau miliyan dubu. Ruwa na ƙarshe, haipo, yana narkar da gishirin da haske bai taɓa ba don kada ya yi baƙi daga baya. John Herschel ne ya gano wannan hali nasa a 1819. Abin da ya rage shi ne nagatif, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma garau.

To, ina arahar ta fito? Finafinai irin su Fomapan, na kamfanin Foma da aka kafa a 1921 a garin Hradec Králové na ƙasar Cek, da Kentmere na kamfanin Harman da ke Ingila, suna bin tsohon tsari ne na duwatsu masu dunƙulalliyar siffa, saɓanin fallayen duwatsun da Kodak ta sa a T-Max a 1986. Saboda haka tsakinsu ya fi fitowa a hoto, kamar yashi a jikin bango. Wasunsu kuma shafin da ke hana haske dawowa daga bayan leda bai da ƙarfi sosai, sai a ga wani ɗan kambi ya kewaye fitila ko ƙarfen da rana ke haskawa. Waɗannan su ne aibobinsu, kuma a hoton titi ba su cika zama aibi ba. Mai son ƙarin rangwame yakan sayi naɗi ɗaya mai tsawon mita 30 da rabi, ya yanka da kansa cikin duhu, ya sami kamar ƙunshi 18 masu ɗauka 36 kowanne.

Rana da inuwa

Babbar jarrabawar mai hoto a Kano ita ce rana. Birnin na kan layi na 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana haske daga saman kai yake saukowa. Hula da rawani na jefa inuwa a kan fuska, idanu su koma ramuka. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta masu hoto: a tsakiyar rana mai haske, a sa ƙofar haske a lamba 16, saurin ƙiftawa kuma ya yi kusa da lambar fim, watau kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa ga fim mai lamba 100. Ƙa'idar na aiki a kan titin Faransa ko titin Ibrahim Taiwo. Amma taku biyu zuwa cikin inuwar gini, haske ya ragu sau takwas ko sau goma sha shida, cikin lungun rumfunan Kasuwar Sabon Gari kuwa ya ragu fiye da haka nesa ba kusa ba. Ido na daidaita kansa ba tare da mutum ya sani ba. Fim ba ya yi.

A duba misalin fitowar jama'a daga Masallacin Juma'a na Fagge. Fararen riguna sun cika titi, fuskoki kuma baƙaƙe ne. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa abin da ke gabansa, in an gauraya shi, toka-toka ne mai mai da kashi 18 cikin ɗari na haske. Da ya ga farin yadi ya yi yawa sai ya zaci rana ce ta ƙaru, ya rage hasken da ke shiga. Sakamakon shi ne riguna su fito ruwan toka, fuskoki su zama dunƙulen baƙi babu hanci babu baki. Kuma abin da fim bai ɗauka ba a inuwa, babu ruwan wankin da zai ƙirƙiro shi, tunda duwatsun wurin ba su sami ƙwayoyinsu huɗu ba.

Maganin wannan tsoho ne: a auna haske a kan inuwa, a yi wanki don wurin da ya fi haske. Mai hoto zai auna a kan fuska ko bayan hannunsa, ya ba fim ninkin hasken da lambarsa ta nema, misali ya ɗauki fim mai lamba 400 tamkar mai 200. Wajen wanki kuma ya rage kamar kashi ɗaya cikin biyar na lokaci. Hikimar ita ce, wuraren inuwa suna gama bayyana da wuri domin duwatsunsu masu alama kaɗan ne, wuraren haske kuwa suna ci gaba da yin baƙi muddin fim na cikin ruwa. Cire shi da wuri na tsayar da farar riga kafin ɗinkin aska-biyu da ke jikinta ya ɓace, ba tare da fuska ta yi asara ba. A nan ne fim baƙi-da-fari, ko da mai araha ne, ya yi fice, domin yana jure ƙarin haske ƙwarai. Ƙarancinsa ne ba ya yafewa.

Lokacin hunturu al'amarin na sauyawa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana warwatsa hasken rana, sai sama duka ta zama fitila ɗaya mai laushi. Inuwa ta yi sauƙi, fuska ta fito sarai, abin da ke nesa ya dusashe cikin hazo. Safiyar Disamba a tashar mota, da masu shayi da hayaƙin ƙosai, ta fi kowane lokaci sauƙin ɗauka. A irin wannan rana ba a rage lokacin wanki, wani lokaci ma ƙarawa ake yi.

Kantin Kwari, inda a da Kwarori 'yan Lebanon da Siriya ke da kantuna, na da tata matsalar. Kasuwa ce ta launi, fim ɗin kuwa bai san launi ba, nauyin haske kawai ya sani. Atamfa mai ja da kore da ke ɗaukar ido na iya fitowa toka ɗaya lis. Gishirin azurfa ma a asalinsa shuɗi kawai yake ji, sai da Hermann Vogel ya gano a 1873 cewa rini na sa ya ji sauran launuka. Gilashin tace haske da ake ɗaurawa a idon kyamara na raba gardamar: kowane gilashi na haskaka launinsa, ya duhunta kishiyarsa. Ja na mai da jan zane fari-fari, koren ya yi duhu. Rawaya na duhunta sama kaɗan, gajimaren damina ya fito, Adaidaita Sahu ta yi haske a kan kwalta.

Wanki cikin zafi

Jadawalin da kamfanoni ke bugawa an yi shi ne a kan ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ruwan tanki ya wuce wannan da nisa. Zafi na gaggauta aikin sinadari: wankin minti 10 a digiri 20 na komawa kamar minti 7 a digiri 24, a digiri 30 kuwa ya faɗo ƙasa da minti 5, inda ruwa ba ya samun sukunin ratsa fim daidai, sai a ga shati-shati. Jalatin kuma na kumbura ya yi taushi, farce kaɗan ya yage shi. Mafi muni shi ne a fitar da fim daga ruwan ɗumi a tsoma shi cikin mai sanyi ƙwarai, domin jalatin na iya tsattsagewa kamar busasshen tabki. Don haka daidaituwar zafin ruwayen duka ta fi muhimmanci a kan kai wa lamba 20 cif.

Randa na taimakawa. Ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya gina tukunyarsa ta adana kayan lambu a kanta har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ruwan randa da asuba, da ɗan ƙanƙara da ma'aunin zafi, sun isa. Ba a bukatar ɗakin duhu don wankin nagatif. Jakar baƙin yadi da ƙaramin tulun wanki mai hana haske sun wadatar. Wajen shanya kuwa ƙurar da ta gyara haske ita ce abokiyar gaba, domin duk ƙwayar da ta manne wa jiƙaƙƙen jalatin ta zauna ke nan. Banɗakin da aka yayyafa wa ruwa aka rufe shi ne wuri mafi aminci. Tsohon haipo kuma cike yake da narkakkiyar azurfa mai guba ga halittun ruwa, bai kamata a tuttule shi a kwata ya gangara Jakara ba. In aka jefa soson ƙarfe a ciki aka bar shi kwanaki, ƙarfen na narkewa azurfar ta kwanta a ƙasa.

Saura mutanen da ake ɗauka. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 da tashin bam a tashar New Road a watan Maris na 2013, jama'ar waɗannan unguwanni sun sami dalilin tsarguwa da baƙon da ke auna su da na'ura. Sallama da neman izini, musamman ga mata, da nisantar wuraren jami'an tsaro, su ne rabin aikin. Komawa wurin mutum da kwafin hotonsa shi ne ke buɗe ƙofa karo na biyu. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya sami babbar lambar yabo ta baje kolin Banis a 2007, matasan garinsu ya yi ta ɗauka a wuraren rawa da bakin kogi. J. D. 'Okhai Ojeikere kuma tun 1968 ya dinga ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara kusan hoto dubu. Dukansu sun adana nagatif ɗinsu cikin tsari, shi ya sa aka iya sake buga su bayan shekaru da dama.

Adanar ita ma tana da ƙa'ida. Nagatif da aka ɗauraye sosai har haipo ya fita na iya wuce shekarun mai shi, amma zafi da laima na lalata ledar asitet, ta fara warin tsami, jalatin kuma ya yi fumfuna. Rani ba ya cutar da shi kamar watan Agusta. Sai a sa shi a ambulan takarda mai tsabta, cikin ɗakin da ya fi sanyi a gida, nesa da bango mai jiƙa, a rubuta a jikin ambulan da fensir sunan titi, da kwanan wata, da sana'ar wanda ke cikin hoton.