Sauya Maɗaurin Agogon Hannu

Agogon hannu abu ne mai tsada, amma ɗan maɗauri ne kawai ke riƙe da shi. Da bazara gumi yakan ci fatar maɗaurin, da hunturu kuwa sai ta bushe ta tsattsage. In mai agogo ya yi sakaci, wata rana yana cikin cunkoson Kasuwar Barci a Tudun Wada sai maɗaurin ya tsinke, agogo ya faɗi bai sani ba.

Ana iya sauya maɗauri a gida. Da fari a auna tsakanin kunnuwan agogon da rula. Sau da yawa akan sami milimita 18 ko 20. A sayi sabo daidai wannan awo, gama mai faɗi ba zai shiga ba.

Tsakanin kunnuwan akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai sifirin a cikinsa. A shimfiɗa farin ƙyalle, a kife agogon a kai don kada gilashin ya karce. Sa'an nan babba, ba yaro ba, ya danna bakin ƙarfen da tsinin 'yar wuƙa a hankali, gama yakan yi tsalle ya ɓace. A zare shi, a zura cikin sabon maɗaurin, a mai da shi raminsa. Gefen da ke da maƙulli yakan zauna wajen ƙarfe 12.

Daga ƙarshe a ɗan ja maɗaurin. In bai fita ba, aiki ya yi kyau.